Tarihin Allurar Ruwa Wajen Rage Ciwon Baya a Lokacin Naƙuda

Gabatarwa

Abin da wannan lacca za ta yi magana a kai wani ɗan ƙaramin aiki ne daga cikin ayyukan ungozomomin asibiti, wanda ake gamawa cikin minti guda, amma asalinsa ya koma baya fiye da shekara 130, kuma a tsawon wannan zamani likitoci sun yi ta ɗaukarsa suna ajiyewa. Aikin kuwa shi ne a sami tataccen ruwa wanda aka kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, irin wanda ake dama garin allura da shi, a zuƙa a sirinji, a tsira wa mai naƙuda a fatar tsatsonta a wurare 4. Abin da ake zubawa a kowane wuri bai wuce kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, watau kimanin ɗigo biyu. Babu wani magani a cikin ruwan, ko gishiri babu. Wurin yakan yi ɗan tudu kamar cizon sauro, matar kuma ta ji raɗaɗi mai tsanani irin na harbin rina, na wajen sakan 30. Bayan 'yan mintoci sai ciwon bayan da ya hana ta sakat ya lafa, wani lokaci har na awa biyu ko fiye.

Wannan raɗaɗi na sakan 30 shi ne kan maganar duka. Shi ya kori ruwa daga ɗakin fiɗa a ƙarshen ƙarni na 19, shi ya buɗe masa hanyar ɗakin haihuwa a ƙarni na 20, kuma shi ne ya sa tabbatar da amfaninsa ya gagari masu bincike shekara da shekaru. Duk wanda ya bi tarihin da idon basira zai ga cewa a kowane mataki gardamar a kan raɗaɗin nan take.

Ciwon da ake magana a kai

Ciwon naƙuda da kowa ya sani zuwa yake yi ya tafi. Mahaifa ta murɗa, mara ta ɗauka, sa'an nan ya saki, mace ta sami ɗan numfashi kafin na gaba ya zo. Amma akwai matan da ba su samun wannan hutu, domin ban da ciwon mara akwai wani ciwo da yake kafe musu a tsatso, ba ya sauka ko a tsakanin murɗawar mahaifa. A cikin shekarar 1987 Ronald Melzack, masanin ciwo na Jami'ar McGill da ke Montreal a ƙasar Kanada, ya buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu naƙuda, inda aka sami kimanin mace ɗaya cikin uku tana fama da irin wannan ciwon baya mara yankewa. Da yawansu sun ce ya fi musu ciwon marar tsanani.

An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa dalilinsa shi ne kwanciyar jariri, watau idan ƙeyarsa ta juya wajen bayan uwar tana dannar ƙashin. Binciken da aka yi daga baya da na'urar hoton ciki bai goyi bayan wannan magana sosai ba, gama an sami mata da yawa masu ciwon bayan alhali jaririn yana kwance daidai. Bayanin da ya fi ƙarfi ya samo asali ne daga aikin wani likitan Ingila mai suna Henry Head, wanda ya nuna a 1893 cewa ciwon kayan ciki yakan bayyana a fata, a wani yanki da aka sani. Jijiyoyin da ke fitowa daga mahaifa da bakinta suna shiga laka ne a daidai inda jijiyoyin fatar mara da ta tsatso suke shiga, saboda haka ƙwaƙwalwa takan kasa rarrabe inda saƙon ya fito. Irin wannan ne yake sa mai ciwon zuciya ya ji zafi a hannunsa na hagu.

Wurin da ake yin allurar ma yana da nasa tarihi. A ƙasan gadon bayan mace akwai wata siffa mai kusurwa huɗu, kamar layar da aka rataye ta kusurwa ɗaya, wadda 'yan ramuka biyun nan na saman ɗuwawu suke gefe da gefenta. Ana kiranta da sunan Gustav Michaelis, likitan haihuwa na garin Kiel, wanda yanzu yake arewacin Jamus. Shi ya lura cewa siffar tana nuna ko ƙashin ƙugun mace yana da faɗi ko kuwa ya tsuke. Michaelis yana cikin mutanen farko da suka karɓi koyarwar Semmelweis cewa hannun likita ne yake kai wa masu jego zazzaɓin da ke kashe su. Da ya gane cewa ta hannunsa wata 'yar'uwarsa ta kamu ta rasu, sai baƙin ciki ya sa ya hallaka kansa a 1848. Bai san kome game da allurar ruwa ba, domin ko sirinjin ba a ƙera ba tukuna.

Ruwa a ɗakin fiɗa

A 1853 aka sami sirinji mai allura da rami a cikinta, ta hannun Alexander Wood a Edinbara da Charles Pravaz a Faransa. Shekara 31 bayan haka, a 1884, wani matashin likitan ido a Viyana mai suna Carl Koller ya nuna cewa idan aka ɗiga koken a ido, ana iya yi masa aiki mutum yana farke bai ji kome ba. Labarin ya bazu duniya cikin 'yan makonni. A New York wani likitan fiɗa, William Halsted, ya shiga gwada yin allurar koken a jikin jijiyoyi, kuma da shi da abokan aikinsa a jikinsu suka riƙa gwadawa. Abin ya zame musu bala'i. Halsted ya kamu da jarabar koken, daga baya ta mofin, bai kuwa rabu da ita ba har ƙarshen ransa, ko da yake ya zama babban malamin fiɗa a asibitin Johns Hopkins, inda ya shigo da safar hannu ta roba.

A tsakiyar wannan hali ne, a 1885, ya aika da wata gajeriyar wasiƙa zuwa wata mujallar likitoci ta New York, yana cewa ana iya kashe fata gaba ɗaya da allurar ruwa zalla, kuma shi da kansa ya yi ƙananan ayyuka da ruwa a maimakon koken. Sharaɗin dai shi ne a zuba ruwan a cikin fatar kanta har ta yi fari ta taso. Wannan wasiƙa ita ce yawancin masu tarihin allurar ruwa suke farawa da ita.

Bukatar abin da zai maye gurbin koken ta gaske ce, domin a waɗannan shekaru ana yin allurarsa da ƙarfi ƙwarai, mutane kuma suna mutuwa a kujerar likita. A Balin, Carl Ludwig Schleich ya gwada ruwa zalla a jikinsa, ya tarar lalle fata tana mutuwa, amma sai an sha azaba tukuna. Ya ga ba shi da ma'ana a gana wa mutum azaba domin a hana shi jin azaba, saboda haka ya koma sa ɗan gishiri a ruwan tare da koken kaɗan ainun. Ya kai wannan dabara taron likitocin fiɗa na Jamus a 1892, ya kuma yi kasadar gaya musu cewa duk inda wannan ta isa, sa mutum barci da kulorofom laifi ne. Manyan suka fusata, ba wanda ya goyi bayansa, ya fita daga zauren a wulakance. Bayan 'yan shekaru dabararsa ta zama ruwan dare.

Wani Bajamushe kuma, Heinrich Braun, shi ya bi diddigin dalilin raɗaɗin. Ruwan jikin mutum yana da gishiri, ƙarfinsa daidai da na ruwan da aka narka giram 9 na gishiri a lita guda. Idan aka zuba ruwa mai wannan ƙarfi a fata, ba ta damuwa da shi sosai. Idan kuwa ruwan ba shi da gishiri ko kaɗan, sai ƙwayoyin halittar wurin su tsotse shi su kumbura, bakunan jijiyoyi su harzuƙa, ga kuma fatar da aka buɗa da ƙarfi. Braun ya yanke hukunci cewa duk abin da za a yi allura da shi a daidaita gishirinsa da na jiki. A 1905 aka fito da nobokain, wanda yake kashe wuri ba tare da haɗarin koken ba. Daga nan ruwa ya rasa gurbi. Wani likitan basur a Amurka, Samuel Gant, ya ci gaba da yin aiki da ruwa zalla a farkon ƙarni na 20. Hukuncin likitocin fiɗa daidai ne bisa ga abin da suke nema: su fata matacciya suke so don su yanka, kuma sun sami abin da yake ba su ita cikin sauƙi. Ba wanda ya tambayi ko raɗaɗin kansa yana da wani amfani.

Abin da ake yi wa masu naƙuda kafin nan

Ɗakin haihuwa ya bi tasa hanya dabam. James Young Simpson ya fara shaƙa wa mai naƙuda eta a Edinbara a watan Janairu na 1847, ya koma kulorofom a watan Nuwamba. Sarauniya Victoria ta shaƙa a 1853 wajen haihuwar ɗanta Leopold. A farkon ƙarni na 20 likitocin Freiburg a Jamus suka haɗa mofin da sikofolamin, wanda yake sa mace ta farka ba ta tuna kome, jariri kuwa sau da yawa ya fito numfashinsa da rauni. Fetidin ya zo a 1939, iskar shaƙa ta Entonox a 1961. Kowannensu yana ratsa jinin uwa, kuma irin su fetidin suna kaiwa ga jariri, su sa uwa jiri da amai. Allurar gadon baya, watau efidural, ta fi su duka kashe ciwo, babu gardama a kan wannan. Sai dai tana bukatar likitan sa barci, da ƙarin ruwa, da mai lura da bugun jini, kuma takan ɗaure mace a gado.

Ƙofar da ke cikin laka

Abin da ya sauya matsayin ruwa ya fito ne daga ɗakin binciken jijiyoyi. Tun zamanin Descartes a ƙarni na 17 ana ɗaukar ciwo kamar igiyar ƙararrawa: a ja ta a ƙafa, ta kaɗa a kai, gwargwadon ja gwargwadon ƙara. A 1965 Melzack, wanda aka ambata a baya, tare da Patrick Wall ɗan Ingila, suka buga maƙala a mujallar Science suna cewa a cikin laka akwai wani abu mai kama da ƙofa, wanda yake iya barin saƙon ciwo ya wuce ko ya tare shi. Saƙonnin da ke zuwa daga fata suna iya tura ƙofar ta rufu, haka nan ƙwaƙwalwa tana iya aiko da umarni daga sama. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya buge gwiwa yake murza wurin ya ji sauƙi. An gyara ɓangarori da yawa na bayaninsu daga baya, amma ginshiƙin ya tsaya.

Abubuwa biyu suka biyo baya. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano a Aberdeen cewa jiki yana ƙera sinadaransa masu aiki irin na mofin. A 1979 kuma Daniel Le Bars da abokan aikinsa Dickenson da Besson suka nuna a Paris, ta gwaji a kan ɓeraye, cewa idan aka jawo zafi mai tsanani a wani sashe na jiki, ƙwayoyin laka masu ɗaukar ciwo daga sauran sassa sukan yi tsit, kuma umarnin yin shirun daga gindin ƙwaƙwalwa yake saukowa. Shafa ko murza ba su isa su tayar da wannan ba, sai abin da ya yi zafi na gaske. Ke nan ciwo yana danne ciwo.

Ba wani baƙon abu ba ne ga ɗan Adam. Likitocin Girka da na Larabawa sun ƙona fata da ƙarfe mai zafi don ciwon da ke can ciki, Sinawa suna da allurarsu da ƙona ganye a kan fata, wanzaman ƙasar Hausa kuma suna yin ƙaho da tsaga a bayan mai ciwon baya. Wanzami zai ce mataccen jini ya fitar. Melzack, wanda ya yi rubutu a kan irin waɗannan al'adu, yana ganin wani kaso na sauƙin da ake samu daga zafin aikin kansa yake zuwa. Wannan bai wanke kowace al'ada daga illarta ba, musamman inda aska ɗaya take zagaya mutane da yawa. Abin da ya yi shi ne ya bai wa likitoci harshen da za su yi maganar da shi ba tare da jin kunya ba. Fifikon ruwa a kan sauran kuwa a fili yake, domin yana jawo zafin ba tare da ya bar rauni ko tabo ba, kuma jiki ya shanye shi cikin ɗan lokaci.

Daga Pithiviers zuwa Suwidin

Michel Odent likitan fiɗa ne da ya shugabanci sashen fiɗa da na haihuwa a asibitin gwamnati na Pithiviers, wani ƙaramin gari a kudu da Paris, daga 1962 zuwa 1985. An fi saninsa da shigo da kwamin ruwa ɗakin haihuwa. A 1975 ya buga rahoto a wata mujallar likitocin Faransa cewa allurar ruwa a fatar baya tana kwantar da ciwon tsakuwar ƙoda, kuma tana yi wa masu naƙuda amfani. Haɗa waɗannan biyu ba abin mamaki ba ne, gama dukansu ciwo ne na kayan ciki da ke bayyana a baya, kuma ana lissafa su cikin mafi tsananin ciwon da mutum yake ji.

Amma ƙasar da dabarar ta yi saiwa ita ce Suwidin, tare da maƙwabciyarta Denmak. A 1971 majalisar dokokin Suwidin ta zartar cewa kowace mace tana da hakkin a rage mata ciwo wajen haihuwa. Zartarwa abu ne mai sauƙi. Samar da likitan sa barci a kowane ɗakin haihuwa dare da rana shi ne aikin. A ƙasashen nan kuwa ungozoma ce take riƙe da haihuwar da ba ta da matsala, tun daga farko har ƙarshe, saboda haka duk abin da za ta iya yi da hannunta ba sai ta jira likita ba yana da daraja a wurinta. A cikin shekarun 1980 allurar ruwa ta yaɗu a tsakanin ungozomomi, wannan ta koya wa waccan. Sanin ya riga rubutu, kuma ya bi ta hannun ma'aikatan da ba su cika rubuta maƙala ba a lokacin. Wannan ya taimaka wajen raina shi. Daɗin daɗawa babu kamfanin da zai ci riba da shi balle ya ɗauki nauyin bincike. Araha ba ta ado.

Wahalar gwaji

A ilmin likitanci na zamani ba a yarda da magani sai an gwada shi ta hanya sananniya. A raba marasa lafiya kashi biyu ta ƙuri'a, a ba kashi ɗaya maganin, a ba ɗayan abin da ya yi kama da shi amma ba ya aikin kome, kuma a ɓoye wa kowa, da mai sha da mai aunawa, wanda ya sami wane. Dalilin ɓoyewar shi ne sa rai kaɗai yana rage ciwo. A gwajin allurar ruwa abin da ake ba kashi na biyu shi ne ruwan gishiri, irin na ƙarin ruwa, wanda a ido ba a rarrabe shi da tataccen ruwa. Ciwon kuma ana auna shi da layi mai tsawon santimita 10, mace ta nuna inda nata ya kai.

Gwaji na farko irin wannan an buga shi a 1990 a mujallar Pain, daga Suwidin, a kan mata 45. Na biyu ya fito daga Denmak a 1991 a kan mata 272. Dukansu sun sami cewa waɗanda aka yi wa ruwa zalla sun fi samun sauƙi. Lena Mårtensson, ungozoma kuma malamar jami'a a Suwidin, ta gwada mata 99 a 1999, ta nuna cewa idan aka zuba rabin mililita a ƙarƙashin fata maimakon cikinta, sauƙin da ake samu bai bambanta ba. Wani gwajin nata kuma ya nuna ta ƙarƙashin fatar ta fi sauƙin raɗaɗi. Daga 2006 zuwa 2009 rahotanni suka fito daga Iran da Tailan da Indiya, ƙasashen da efidural bai wadata ba, sakamakon kuwa iri ɗaya.

To, amma a nan raɗaɗin ya sake tare hanya. Ruwan gishiri ba ya harbi kamar ruwa zalla. Matar da aka gaya mata cewa allurar gaskiya tana da zafi, in ta ji zafin ta san abin da ta samu, in ba ta ji ba ma ta sani. Ungozomar da ke tsaye ta ga yadda matar ta zabura, ita ma ta sani. A gwaje-gwaje da dama an riƙa fitar da mai jinyar daga ɗaki a kira wasu su yi allurar, amma ba yadda za a fitar da matar daga jikinta. Idan kuwa aka nemi wani abin kwatanci mai harbi daidai da ruwa, to an ba ta maganin ke nan, tun da harbin shi ne maganin. Masu bitar Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tace gwaje-gwaje, sun duba guda 7 masu ɗauke da mata 766 a 2012, suka ce hujjar ba ta da ƙarfi: gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma yawancinsu sun ba da matsakaicin lissafi ne kawai, ba su faɗi mace nawa ce ciwonta ya ragu da rabi ba. Sukar tana kan hanya, ko da yake wasu sun karanta ta kamar an ce allurar ba ta aiki, abin da masu bitar ba su faɗa ba.

Akwai kuma wata karkata da ta ci shekaru. A gwajin Denmak na 1991 an lura cewa kashi 4.2 cikin ɗari na matan da aka yi wa ruwa ne suka kai ga aikin ciro jariri, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 11.4 ne. A 2009 Eileen Hutton ta Kanada da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwaje 8, suka sami 4.6 da 9.9. Aka shiga zaton ko sauƙin ciwon yana sa naman ƙugu ya saki, jariri ya sami hanyar juyawa. Da wannan ya tabbata da babban al'amari ne, kuma shi ne irin abin da yake sa hukumomi su saki kuɗin bincike. Nigel Lee, ungozoma namiji kuma mai bincike a birnin Brisbane na Ostareliya, ya jagoranci gwajin da aka kira ICARIS daga 2012 zuwa 2017, a asibitoci 15 na Ostareliya da guda ɗaya a Ingila, a kan mata 1,166. Da aka buga sakamakon a 2020, sai aka ga kashi 17.1 na masu ruwa zalla an yi musu aiki, na masu ruwan gishiri kuwa 14.8, bambancin da bai wuce na sa'a ba. Zaton ya rushe.

Sai dai gwajin ya amsa tambayar da masu bitar Cochrane suka yi, wadda ita ce tambayar mai naƙuda tun asali. Bayan minti 30 da allura, kimanin kashi 43 cikin ɗari na masu ruwa zalla sun ce ciwon bayansu ya ragu da rabi ko fiye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 18. Ba a sami wata illa ga uwa ko jariri ba ban da raɗaɗin. Lissafin ya nuna iyakar abin ma: fiye da rabin matan ba su sami wannan gwargwado na sauƙi ba, kuma allurar ba don ciwon mara aka yi ta ba.

Gardamar Ingila

Hukumar NICE, wadda take tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a 2007 kada a yi amfani da allurar ruwa, ta kuma maimaita haka a 2014. A watan Afrilu na 2023 ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida inda ta sauya matsayi, sai ƙura ta tashi a jaridu. Wasu likitoci suka ce wannan camfi ne da aka sa wa rigar kimiyya. Wasu mata kuma suka ce dabara ce ta hana su efidural don a rage kashe kuɗi, a sallame su da ruwa. Ƙorafi na farko bai yi la'akari da gwajin mata 1,166 ba. Na biyu kuwa yana da tushe, domin mata da yawa a ƙasar sun ba da labarin yadda suka roƙi maganin ciwo aka yi ta ja musu rai, kuma wanda aka taɓa yi wa haka ba zai ji an ambaci ruwa ya yi murna ba. Amma wannan laifin masu hanawa ne. Ita allurar ba ta hana a yi efidural bayanta, ana kuma iya maimaita ta idan ciwon ya dawo.

Su kuwa ungozomomi sun daɗe da samo hanyoyin sassauta harbin. Sukan yi aikin su biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a lokaci guda, kuma su jira sai mahaifa ta murɗa hankalin matar yana can. Lee ya gwada allura ɗaya tak a maimakon huɗu a kan mata 305 a 2013, ya sami cewa ɗayar ta fi sauƙin sha, huɗun kuwa sun fi kwantar da ciwo.

A watan Satumba na 2023 hukumar ta tabbatar da ƙa'idar. Ta ce a iya miƙa wa mai ciwon baya allurar ruwa a matsayin zaɓi ɗaya daga cikin sauran, a gaya mata tun da fari cewa za ta ji harbi, kuma sauƙin yana iya farawa daga minti 10 ya kai har awa 3. Ungozomar da ta sami horo ce za ta yi, mililita 0.1 a cikin fata ko 0.5 a ƙarƙashinta, a wurare 4 na siffar nan ta Michaelis.